Kalemegdan ta fi buƙatar fitila da ban-ɗaki a kan keken igiya

Raina ya ɓaci da yadda ake riƙon Kalemegdan, kuma na gaji da haɗiye maganar. Mu da muke haya a ɗakuna masu ƙunci a Belgred, babban birnin Sabiya, ba mu da wani fili da za mu je mu sha iska ba tare da an ce mu biya ba kamar wannan tsohuwar ganuwa da ke kan tudu, inda kogin Saba yake shiga kogin Danub. Can ne muke kai yara ranar hutu, can muke kai baƙo idan ya zo daga gida. Shi ya sa sakacin da ake yi da wurin yake cin raina.

Ku je ku sauka daga saman ganuwa zuwa ƙasa wajen hasumiyar Neboisha, ku gani da idonku. Matakalan dutse ne da ƙafafu suka goge har suka yi santsi, wasu wuraren ba abin kamawa, kuma da magariba ta yi sai ka riƙa lalube. Mai jini a jika zai wuce. To dattijo fa? Mace mai tura keken jariri fa? Na ga uwa ta rungume yaro da hannu ɗaya, tana jan keke da ɗayan, tana neman inda za ta sa ƙafa. Lokacin sanyi kuwa, da ƙanƙara ta kwanta a kan dutsen nan, sai dai addu'a.

Maganar ban-ɗaki ita ta fi ƙona mini rai. Fili mai girman gaske, jama'a dankam a ranakun hutu, amma idan yaro ya matsu sai ka yi ta zagaye, ka isa ka tarar da layi ko ƙofa a kulle. Daga nan sai a shiga shagon shayi a sayi abin da ba a so, don kawai a ba ka izinin shiga. Wasu kuma ba sa wahalar da kansu, lungun ganuwa suke nema, hanci ne zai gaya maka tun kafin ka ƙaraso.

Kuma wace ganuwa ake yi wa haka? Rumawa sun kafa sansanin soja a kan tudun nan. A gindinta aka kora rundunar Sarkin Turkawa Mehmed na biyu a 1456, kafin wani sarkin nasu, Sulaiman, ya ci garin a 1521. Ostiriyawa suka ƙwace ta a 1717, Turkawa suka dawo, sai a 1867 suka miƙa mabuɗanta ga Yarima Mihailo na Sabiya. Hubbaren Damat Ali Fasha, wazirin da aka kashe a yaƙin 1716, yana nan a tsaye cikin filin. A hasumiyar Neboisha aka shaƙe Rigas Feraios, ɗan gwagwarmayar Girka, a 1798. Irin wannan bango ne yara suke fesa wa fenti suna rubuta sunan ƙungiyar ƙwallo, a bar shi wata da watanni ba a goge ba.

Da a ce kuɗi ne babu, da na yi shiru. Amma a 2019 an sare itatuwa a Kalemegdan da kuma Ushce, a ɗaya gefen kogin, don a kafa keken igiya mai ɗaukar mutane ta sama. Jama'a suka fito suka yi ta ƙorafi, masana tarihi suka yi gargaɗin cewa tonon zai taɓa abin da ke binne a ƙasa, har kotu ta dakatar da aikin. A 2020 ƙungiyar Europa Nostra, mai kare wuraren tarihi, ta sa ganuwar cikin wurare 7 na tarihi da suka fi shiga haɗari a Turai. Itatuwan dai sun riga sun tafi, inuwarsu ta tafi da su. Wanda ya iya tsara aiki mai tsada haka, ai ƙarfen kamawa a matakala ba zai gagare shi ba.

Masu kula da wurin nan, don Allah ku sauko ƙasa da ƙafarku bayan faɗuwar rana, ku zo da iyayenku tsofaffi. Ku sa fitilu a hanyar sauka, ku kafa abin kamawa, ku ƙara ban-ɗakuna ku bar su a buɗe har dare, ku sa masu gadi su hana fesa fenti. Sauran itatuwan da suka tsira kuma ku ƙyale mana su.