Shanun Mubi a tirela, tashar Gombe a kwance

Wallahi abin da ake yi wa layin dogon nan ya isa haka! Dogon da ya taso daga Kuru kusa da Jos ya ratsa Bauchi da Gombe da Bajoga, ya isa Maiduguri a 1964, yau ciyawa ce ke cinsa. Mubi kuwa, da ke gindin duwatsun Mandara dab da iyakar Kamaru, ba ta taɓa ganin dogo ba. Dillalin shanu can sai ya loda tirela, ya bi ta Hong da Biu ya sauko Gombe, ya wuce tashar jirgi tana kwance, ya kama hanyar Kudu kwana da kwanaki. Dabba a tsaye, ba ruwa ba ci. Wadda ta durƙushe 'yan'uwanta su tattake ta, a yanka a bakin titi a sayar da asara.

Kada a ce mana tsufa ne ya kashe dogon. Rashin kula ne. Faɗin layin ƙafa 3 da inci 6 ne, ƙarafa biyu a kan katakai, katakan a kan tsakuwa. Tsakuwar nan ita ce ransa: ita ke riƙe katako, ita ke tsane ruwa. Daga tsaunin Jos, sama da mita 1,200, zuwa Bauchi da ke kusan mita 600, gangara ce, ruwan Agusta da ƙarfi yake zuwa. Kwalbati ɗaya ta toshe da yashi, ruwa ya hau kan layi, ya kwashe tsakuwa, ya bar ƙarfe yana reto a sama. Aikin da lebura goma da shebur za su gama kafin damina ya koma aikin katafila. Gara ta shiga katako, ƙusa ta saki, faɗin layi ya buɗe, ƙafar tarago ta zame. A mahaɗar ƙarafa ana barin 'yar tazara don zafin Maris da Afrilu, in ta cushe ƙarfe ya miƙe ya rasa wurin zuwa, sai ya lanƙwashe. Sauran kuma 'yan gwangwan su kwance noti da farantin haɗi su kai sikeli, don babu mai sintiri.

Ku lissafa da kanku. Tirela buhun siminti 600 take ɗauka, tan 30 ke nan, kusan lodin tarago ɗaya. Jirgi mai tarago 20 ya ɗauke tirela 20 daga titi. Ga simintin masana'antar Ashaka da reshen dogo ya shiga, ga hatsin kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe, duk an jibga su a kan kwaltar Gombe zuwa Bauchi, sannan a dawo ana mamakin ramuka.

A Maris 2021 aka ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri. An gyara Fatakwal zuwa Aba, mun gani. Namu ɓangaren fa? Ranka ya daɗe mai kula da layin dogo, kafin babban aikin ya iso, a yashe kwalbatoci kafin ruwan farko, a zuba masu gadi tsakanin tasha da tasha, a ƙirga ƙarfen da ya rage a gaya wa jama'ar Bauchi da Gombe adadinsa.