Injiniya Mai Noti Ɗaya

Sati uku na yi ina zana wa wani Alhaji injin markaɗe a SolidWorks, manhajar zana injina a kwamfuta. Harkar tumatir da tattasai yake yi a kasuwar Mile 12 da ke Legas, babban inji yake so a ƙera masa. Shaf (sandan ƙarfen da ke juyawa) daban, fuli (wilin da bel ke ja) daban, kwanon zuba kaya daban, kowanne da fayil ɗinsa, sannan na harhaɗa su a asambili, wato fayil ɗin da ke nuna injin a haɗe. Ya fito tsaf, har na dinga juya shi a allo ina jinjina wa kaina.

Amma wajen raɗa wa fayil suna, sai dai a yi min addu'a. Akwai "shaf sabo", akwai "shaf na ƙarshe", akwai "shaf na ƙarshe wallahi". Daren da zan kai aiki tsafta ta motsa min, na shiga folda na canza wa kowa suna, na kwafi asambilin shi kaɗai a filashi, na kwanta abina.

Washegari na sha goslo daga Agege zuwa Ketu, na tarar da Alhaji a shagon mai walda. Yaron shagon ya buɗe fayil. Kwamfuta ta hau tambaya, ina wane, ina wane, sama da sau 30. Can sai ga noti ɗaya tilo a tsakiyar allo. Shi ma don a cikin asambilin na adana shi.

Na san abin nan sarai, ɗoki ne ya mantar da ni. Asambili ba ya ɗauke da kaya. Mai unguwa ne, sunan kowa da gidansa kawai ya sani.

Alhaji ya gyara tabarau ya leƙa. "Injiniya, wannan ne na rabin kuɗin da na bayar?"

"Ranka ya daɗe, sauran suna gida."

"Su ma motar danfo suke jira?"

Na kira ƙanena. "Yaya, an ɗauke wuta fa, cajin ya kusa ƙarewa." Da kyar ya turo foldar ta WhatsApp. Kaya sun iso, mai unguwa ya ce bai san su ba: shi "shaf na ƙarshe wallahi" yake nema, ni kuwa na mai da shi "Shaf-01". Haka na zauna ina haɗa su ɗaya-ɗaya, yaron yana karanto tsoffin sunayen da ƙarfi. Da ya zo kan "fuli kada a taɓa", mai walda sai da ya ajiye shayinsa.

Da injin ya haɗu, shaf ya gaza da milimita 40. Ashe wanda na yi rantsuwa a kansa ma ba shi ne na ƙarshen ba.

Yaron nan, da bai fi shekara 17 ba, ya danna File ya nuna min Pack and Go, mai tattara komai wuri guda. "Oga, ba ka taɓa ganin wannan ba?"

Alhaji dai ya biya cikon kuɗin. Amma a wayarsa, Injiniya Mai Noti Ɗaya ya sa min.