Na'urori biyu sun ƙi ganin juna: doka tana da hujja, shirun masu ƙerawa ne ba shi da ita

Waya da firinta, ko kwamfuta da talabijin, ko kwamfutoci biyu a kan teburi ɗaya. Ana so su haɗu kai tsaye ta Wi-Fi, ba tare da rauta, wato akwatin da ke rarraba Wi-Fi a gida ko ofis, a tsakaninsu ba. Ɗaya ta buɗe hanya, ɗayar ta duba ta sake dubawa, ba ta ga komai ba. Wani lokaci kuma haɗin yana tafiya a zangon igiyar rediyo na 2.4 GHz, amma da zarar an ce ya koma 5 GHz sai ya mutu, babu wani saƙo da zai gaya maka dalili. Mai na'ura zai kashe ya kunna, ya goge manhaja ya sake sa ta, daga ƙarshe ya yanke hukunci cewa katin Wi-Fi ɗin ya lalace. Sau da yawa babu abin da ya lalace. Na'urar tana bin dokar ƙasar da take zaton tana ciki ne, ko kuma ba ta san ƙasar ba sam, sai ta zaɓi yin shiru.

Ra'ayina shi ne, dokokin da suka taƙaita tashoshi, wato ƙananan hanyoyin da aka raba kowane zango zuwa gare su, da ƙarfin sigina suna da hujja mai ƙarfi, kuma shawarar da ta cika intanet ta cewa mutum ya sauya sunan ƙasa a saiti don ya buɗe tashoshin da aka rufe gurguwar shawara ce. Amma kamfanonin da ke ƙera na'urori da masu rubuta manhajarsu suna da babban kaso na laifi, domin su ne suka ɓoye dalilin, suka bar mutane suna lalube.

A zangon 2.4 GHz akwai tashoshi 14. Ta farko tana kan 2412 MHz, kowace mai bi tana gaba da 5 MHz, har zuwa ta 13 a kan 2472. Ta 14 a ware take, a kan 2484, kuma Japan ce kaɗai ta amince da ita, ita ma ga tsohon tsarin 802.11b kawai. Na'urorin da aka yi don kasuwar Amurka suna tsayawa a tasha ta 11, na Turai da ƙasashe da dama suna kaiwa ta 13. Ka ga tun daga nan an sami giɓi. Kwamfutar da ta buɗe hanya a tasha ta 13 tana aikinta daidai, wayar da aka ƙera don Amurka kuma ba ta kai kunnenta can ba. Kowace tana kan gaskiyarta, amma ba za su haɗu ba.

Me ya sa matsalar ta fi tsanani a haɗin kai tsaye fiye da inda akwai rauta? Saboda rauta ce ke fara magana. Kusan sau goma a kowace daƙiƙa tana sanar da sunanta da tasharta, kuma tun 2001, da aka fitar da ƙarin ƙa'ida mai lamba 802.11d, tana iya haɗawa da haruffa biyu na ƙasar da take ciki. Waya ko kwamfuta sai ta saurara, ta ji an riga an buɗe tashar, ta shiga. Idan babu rauta kuwa, dole ɗaya daga cikin na'urorin biyu ta zama mai fara watsa sigina, kuma a nan ne doka ta fi tsanantawa. Sauraro halal ne a ko'ina, amsa kira ma da sauƙi, amma fara kira a tashar da ba ka tabbatar an yarda da ita ba shi ne abin da aka hana.

Masu amfani da Linux, ɗaya daga cikin manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta, suna iya ganin wannan da idonsu. Umurnin iw reg get yana nuna ƙasar da kwamfutar ta ɗauka tana ciki. Idan ka ga 00 maimakon haruffan wata ƙasa, ma'anarsa ba ta sani ba, don haka ta koma kan mafi tsaurin sharaɗi, wanda ba zai saɓa wa dokar kowa ba. A wannan hali tashoshi na 12 da 13 da na zangon 5 GHz suna ɗauke da alamar NO-IR, wato an hana na'urar fara watsa sigina a kansu. Za ta shiga rautar da ta tarar a can, amma ba za ta kafa nata haɗin ba. Wannan shi ne asirin abin da ke ruɗa mutane da yawa: kwamfutar da ke shiga 5 GHz na ofis lafiya lau, ita ce kuma ta ƙi buɗe 5 GHz don wata na'ura ta shigo. Umurnin iw list kuma yana jera tashoshin ɗaya bayan ɗaya, da wadda aka rufe, da wadda sai an fara sauraro ko akwai na'urar rada a kanta kafin a yi amfani da ita.

Tsarin Wi-Fi Direct, wanda ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fara ba da shaidarsa a 2010, ya yi dabara a kan wannan. Na'urori suna neman juna a tashoshi uku kacal, 1 da 6 da 11, domin su ne kusan kowace ƙasa ta yarda da su. Bayan sun ga juna sai su daidaita wadda za ta zama shugabar rukuni, kowace ta faɗi lamba daga 0 zuwa 15, mai lamba mafi girma ta ɗauki matsayin rauta. Daga nan sai a zaɓi tashar aiki daga cikin waɗanda dukkansu biyun suka ce suna iyawa. Shi ya sa wani lokaci na'urorin suna ganin sunan juna, amma haɗin ya tsinke a matakin ƙarshe, ko ya sauka 2.4 GHz yana jan ƙafa: sun gaisa a inda kowa ke da izini, sai aka rasa tashar 5 GHz da suka yi tarayya a kai.

Zangon 5 GHz shi ne inda nake ganin hujjar doka ta fi fitowa fili, kuma shi ne inda aka fi yi mata gunaguni. Wi-Fi baƙo ne a babban ɓangaren wannan zango. Kafin zuwansa akwai na'urorin rada, masu harba igiyar rediyo su saurari dawowarta, na hasashen yanayi da na soja, akwai kuma taurarin ɗan'adam. A babban taron rediyo na duniya da hukumar ITU, mai kula da sadarwa a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shirya a Geneva a 2003 ne aka amince Wi-Fi ya yi amfani da 5150 zuwa 5350 MHz da kuma 5470 zuwa 5725 MHz, bisa sharaɗin cewa zai kauce wa masu wurin. Sharaɗin shi ne abin da ake kira DFS. Duk na'urar da za ta jagoranci haɗi a tashoshi na 52 zuwa 64, ko na 100 zuwa sama har 140 da 'yan kai, sai ta yi shiru na daƙiƙa 60 tana sauraro kafin ta watsa komai. A Turai, a tashoshin da suka hau kan 5600 zuwa 5650 MHz, inda radar yanayi take, jiran minti 10 ne. Idan ta ji rada tana tsakiyar aiki, dole ta tashi cikin daƙiƙa 10, kuma ba za ta dawo ba sai bayan minti 30. Wayoyi da ƙananan katunan kwamfuta da yawa ba a ba su shaidar yin wannan aikin na jagora ba, saboda haka waɗannan tashoshin a rufe suke gare su a haɗin kai tsaye.

Ba tsoro ne na banza ba. A 2009 hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta gano cewa na'urorin sadarwa irin waɗanda ba sa buƙatar lasisi suna kutsawa cikin radar yanayi ta filin jirgin San Juan a Puerto Rico, daga baya aka ga irin haka a wasu filayen. Aikin wannan rada shi ne hango iskar da ke juyawa kwatsam kusa da ƙasa, irin wadda ke iya kayar da jirgi a lokacin sauka ko tashi. Siginar da take jira ta dawo mata daga ɗigon ruwa mai nisa rarrauna ce ƙwarai, don haka ƙaramin mai watsawa da ya saiti eriyarta yana iya zana mata layin ƙarya a allo.

Na san abin da mai musu zai ce, kuma maganarsa ba ta rasa gaskiya. Na'urorin da suka jawo waccan matsala galibi na waje ne, a kan dogayen gine-gine, da eriya mai tattara sigina wuri ɗaya. Waya a cikin ɗaki, bango huɗu kewaye da ita, da wuya ta dami wata rada. Haka ne. Sai dai saitin ƙasa ba ya bambance mai ɗaki da mai hasumiya. Dabarar da aka koya wa ɗalibi don ya tura hotuna zuwa kwamfutarsa, ita ce dai mai haɗa gini da gini zai ɗauka gobe ya ɗora a kan eriyarsa. Kuma wanda ya yi kutsen ba ya jin komai a jikinsa, intanet ɗinsa na gudu, ɓarnar tana can a wurin wani da bai san shi ba. Dokar da za ta ce kowa ya auna da kansa ko siginarsa na cutarwa ba doka ba ce, domin babu ɗayanmu da ke da abin aunawar.

Ko a ajiye batun cutarwa, sauya ƙasa da ƙarya sau da yawa ba ya ma magance matsalar. Haɗi na mutum biyu ne. Ka buɗe tasha a kwamfutarka, wayar da ke ɗaya gefen tana nan a kan dokarta, wadda ta samo daga layin sim da hasumiyar sadarwar da ke kusa, ba za ta biyo ka ba. Wasu katunan kuma an rubuta musu ƙasa a cikinsu tun daga masana'anta, duk abin da ka sa sai a haɗa shi da nasu a ɗauki inda suka yi daidai kawai, ka tashi da tashoshi ƙasa da waɗanda ka fara da su. Wasu, kamar sababbin katunan Intel, su ne ke tantance ƙasar da kansu ta hanyar sauraron rautocin maƙwabta, ba sa kula da abin da ka rubuta. Ga kuma batun ƙarfi: a Turai iyakar 2.4 GHz miliwat 100 ce, a Amurka ta ninka haka sosai. Ƙara wa gefe ɗaya ƙarfi yana sa a ji shi daga nesa, amma amsar ɗaya gefen ba za ta iso ba, sai dai a cika wa maƙwabta kunne.

Abin da ke aiki ya fi wannan sauƙi. A sa ainihin ƙasar da ake ciki a na'urorin biyu, domin fita daga halin 00 kaɗai yakan buɗe abin da ake nema ta halal. A daina barin na'ura ta zaɓi tasha da kanta har sai an gano matsalar: a kafa ta a 1 ko 6 ko 11, da faɗin 20 MHz. Idan haɗin ya tashi a nan, an san kati lafiyarsa ƙalau, saura batun tasha. A 5 GHz a fara da 36 zuwa 48, waɗanda ba sa buƙatar binciken rada, a kuma tuna cewa ƙasashe da yawa sun keɓe su don cikin gini. Tashoshi na 149 zuwa 165 suna da kyau inda aka yarda da su, amma a nan ne dokokin ƙasashe suka fi sassaɓawa, a Turai ma ƙarfin da aka bari a can ɗan kaɗan ne, miliwat 25. Akwai kuma wani tarko da ba a cika lura da shi ba. Yawancin na'urori rediyo ɗaya ke gare su, kuma wasu ba sa iya zama a tashoshi biyu lokaci guda. Idan kwamfutarka tana manne da rautar da ke tasha ta 100, haɗin kai tsayen zai so ya zauna a can shi ma, inda ba shi da izinin jagoranci. Cire ta daga rautar, ko mayar da rautar tasha ta 36, yakan warware komai. Wayar da ba ta da sim, ko wadda aka sa a yanayin jirgi, ita ma tana iya rasa sanin ƙasarta.

Ba kowace matsala ce ta doka ba. Idan haɗin yana tashi amma yana yankewa, a dubi cunkoso: Bluetooth yana zangon 2.4 GHz, injin ɗumama abinci na lantarki ma haka, har igiyar USB 3.0 marar kyakkyawan rufi tana zubar da hayaniya a wurin.

Duk wannan bayanin, me ya sa sai mutum ya sha wahala kafin ya same shi? Na'urar ta san dalilin da ya sa ta ƙi. Ta san ƙasar da ta ɗauka, ta san tashar da aka nema, ta san alamar da ke kanta. Jimla ɗaya a allo ta isa: wannan tasha a rufe take a ƙasar da aka saita, ko ban san ƙasar da nake ba, ko ina sauraron rada, jira minti ɗaya. Maimakon haka sai a nuna da'ira tana juyawa, ko a ce haɗi bai yiwu ba. A Linux aƙalla akwai inda za ka leƙa, ko da yake sai wanda ya saba da rubuta umurni. A yawancin wayoyi babu wurin da mai waya zai ga ƙasar da Wi-Fi ɗinsa ya ɗauka. Wannan shirun ne ke tura mutane wajen masu koyar da ƙaryar ƙasa. Wanda aka gaya wa cewa tasha ta 100 ce matsalar zai koma ta 36 cikin daƙiƙa biyar, wanda aka bari cikin duhu kuwa zai gwada duk abin da ya karanta.

Kuma giɓin ƙaruwa yake yi. A watan Afrilun 2020 hukumar FCC mai kula da sadarwa a Amurka ta buɗe 1200 MHz a zangon 6 GHz, daga 5925 zuwa 7125. Tarayyar Turai a 2021 ta buɗe 480 MHz kawai, daga 5945 zuwa 6425. Wasu ƙasashen sun bi wannan, wasu sun bi wancan, wasu ba su buɗe ba tukuna. An kuma kasa na'urorin rukuni-rukuni: masu ƙaramin ƙarfi na cikin gini, da masu ƙarfi kaɗan ƙwarai da ake iya yawo da su, da masu cikakken ƙarfi waɗanda sai sun tambayi wata ma'ajiyar bayanai kafin su zaɓi tasha. Haɗin kai tsaye tsakanin waya da tabarau mai allo ko kwamfuta ya dogara ne da wane rukuni ƙasar ta amince da shi. Hukumomin da ke ba na'ura shaidar shiga kasuwa sun riga sun tilasta wa masu ƙerawa su kulle tashoshin da aka hana. Ina ganin ya kamata su ƙara sharaɗi ɗaya a takardar shaidar: duk na'urar da ta ƙi buɗe tasha saboda doka, ta rubuta wa mai ita sunan ƙasar da ta ɗauka, da lambar tashar, da wadda zai iya komawa.