Jami'ar da ta hana ɗalibanta zaɓe ba ta da bakin horar da "shugabannin gobe"

A makon da ya gabata 'yar yayata, wadda ta samu gurbin karatu a wata jami'ar tarayya da ke nan Arewa, ta kira ni bayan magariba. Ta ce, "Kawu, an turo mana sanarwa a zauren WhatsApp na ajinmu, wai sansanin horar da shugabannin gobe, kwana biyu a otal, naira dubu 15 har da riga da satifiket. In biya?" Na ce ta turo mini in gani. Hoton wani ɗan siyasa ne ya cinye rabin takardar a matsayin babban baƙo, tambarin ofishin kula da harkokin ɗalibai yana gefe, can ƙasa kuma lambar asusun da za a tura kuɗi.

Kafin in ba ta amsa, na tambaye ta yadda taron wayar da kan sababbin ɗalibai ya kasance, wanda jami'ar ta yi musu kwana uku kafin nan. Ta ce an tara su tun ƙarfe 9 na safe, manya ba su iso ba sai da 11 ta gota. Ɗakin taron bai ɗauke su ba, da yawa suna tsaye a rana suna leƙe ta taga. Mutum shida suka yi jawabi, duk da dogon turanci, duk kuma gargaɗi: kada a sa tufafi kaza, kada a shiga ƙungiyar asiri, kada a yi satar jarrabawa, kada a yi zanga-zanga. Aka shafa fatiha aka watse. Na ce, to an gaya muku yadda ake lissafin sakamako? Ta yi shiru. Kin san kodinetan ajinku, wato malamin da ke kula da harkokin karatunku? Ta ce ta je ofishinsa sau biyu, a kulle.

Abin da ya ɓata mini rai ke nan. Yarinyar da ta fito daga makarantar kwana ta 'yan mata, ba ta taɓa zama aji ɗaya da ɗaruruwan mutane ba, an sake ta a tsakiyar jami'a kamar an jefa allura a rijiya. Ba wanda ya zaunar da ita ya ce mata kwas mai nauyin uku ya fi mai nauyin ɗaya tasiri a sakamakonta, ko cewa sai ta ci maki 70 za ta samu A, ko cewa faɗuwar shekarar farko tana bin ɗalibi har ranar da zai fita. Ba ta san doka ta ce sai ta halarci kashi 75 cikin 100 na lakca kafin ta zauna jarrabawa ba. Uwa uba, ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba idan wani lakcara ya ce ta same shi a ofis bayan la'asar ita kaɗai. Amma an samu lokacin da za a sayar mata da shugabanci a kan naira dubu 15.

Masu shirya irin waɗannan sansanoni, da hukumomin jami'o'in da ke ara musu tambari, sun ɗauki shugabanci tamkar allurar rigakafi, a yi maka sau ɗaya ka tashi da ita. A kawo mai jawabin zaburarwa ya riƙe makirfo yana kai da kawowa, a ɗauki hoto da mai girma, a raba takardar shaida, shi ke nan an yaye shugabanni. Abin da yaro yake koya a irin wannan zaure shi ne hanyar ɗaukaka ita ce ka tsaya kusa da babban mutum a hoto. Mun ga inda wannan tarbiyya ta kai mu. Ku dubi ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NANS, yadda take darewa gida-gida, kowane ɓangare da ubangidansa, 'yan kwamared suna yawo ofis-ofis da allon lambar yabo a hammata suna neman wanda za su karrama. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shafe wata takwas tana yajin aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibai na zaune a gida. Shugabannin ɗalibai nawa ne a lokacin iyaye suka ji muryarsu suka ce lallai wannan yaro da gaske yake?

Da ba haka abin yake ba. A Afrilun 1978, lokacin da gwamnatin soja ta Obasanjo ta ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na yini, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta wancan lokaci, NUNS, ƙarƙashin Segun Okeowo ta tsayar da jami'o'in ƙasar nan cak, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar. A Mayun 1986 an sake zubar da jinin ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello, zamanin Farfesa Ango Abdullahi. Ba ina kiran a koma zubar da jini ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da nake so a lura da shi, waɗancan matasa a majalisar ɗalibai suka koyi tsayawa gaban jama'a, a nan suka koyi kare kasafin kuɗi, a faɗi zaɓe a haƙura, a ci zaɓe a sha suka. Tun daga wancan lokaci hukumomi suka ɗauki ƙungiyar ɗalibai a matsayin wuta da za a riƙa yayyafa wa ruwa. Yau a jami'o'i da dama ko dai an dakatar da ƙungiyar, ko an naɗa kwamitin riƙo na 'yan amshin shata, ko kuma a tace 'yan takara har sai wanda ba zai ɗaga kai ba ya rage. Hujjar kullum ita ce zaɓe yana jawo rikicin ƙabilanci da na addini, kamar dai hana zaɓen ya taɓa kashe wannan wutar a ko'ina.

Ka ɗaure wa yaro ƙafa shekara huɗu, sannan ka karɓi kuɗinsa ka ce za ka koya masa gudu a kwana biyu. Wannan yaudara ce, kuma jami'ar da ta sa tambarinta a kai ta yi tarayya a cikinta.

Ba ina ƙin sansani don yana sansani ba ne. Cibiyar horar da 'yan ƙasa da shugabanci, wadda aka fi sani da Man O' War, ta samo asali tun 1951 a gaɓar tekun Kamaru, kuma duk wanda ya taɓa zuwa makarantarta ta tsaunin Shere a Jos zai gaya maka can ba a zama a kujera a tafa. Ana ba ka mutane ka haura dutse da su, idan ɗaya ya gaza laifinka ne. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSS, da aka kafa a 1954, ta daɗe tana shirya zaman horo na lokacin hutu inda ɗalibai da kansu suke dafa abinci, su tsara darasi, su yi gadi, su riƙe kuɗi su ba da lissafi. Takwarorinsu na ƙungiyar ɗalibai Kirista, FCS, ma haka. A irin waɗannan wurare ana ɗora wa matashi nauyi na gaske, a bar shi ya yi kuskure a gyara masa.

Kuma ga nauyi na gaske nan zube a kowace jami'a duk farkon zango: dubban jambitoci, wato sababbin ɗalibai, da ba su san gabas ba balle yamma. Wanda yake yi musu jagora a yanzu ɗan aji uku ne daga ƙungiyar ɗaliban jiharsu, wanda ke kafa tebur a ƙarƙashin bishiya kusa da wurin rijista, ya duba wa yaro takardunsa, ya raka shi asibitin makaranta, ya nemo masa wurin kwana kafin a raba ɗakuna. Ba a biyansa, ba a ma san da shi a ofis ba. Kamata ya yi jami'a ta ɗauki irin waɗannan ɗalibai, ta ba kowane ɗaya sababbi goma ko goma sha biyar ya riƙe su har ƙarshen zangon farko, ta mayar da taron wayar da kai mako guda a sashe-sashe, da harshen da yara za su gane. Sannan ta sa ranar zaɓen ƙungiyar ɗalibai ta janye hannunta.

Na ce wa 'yar yayata kada ta biya. Na haɗa ta da wata 'yar garinmu da ke aji huɗu a sashensu. Washegari ta zaunar da ita a barandar hostel da biro da takarda, ta lissafa mata yadda maki ke taruwa kwas bayan kwas, ta kuma kai ta har ƙofar kodinetan a lokacin da ta san yana nan.