Katin tara maki na jirgin sama: wanne ya dace da iyali daga Maraɗi?

Tun da muka dawo daga Umara a bara tare da uwargida da yara uku, abokai da dama a kasuwa suna tambayata wane kamfanin jirgin sama ya kamata su buɗe katin tara maki a wurinsa, wato katin da kamfani ke saka wa fasinja maki a ciki idan ya hau jirginsa. Wasu sun ji an ce mutum yakan samu tikiti kyauta, wasu kuma sun hango waɗanda ake shigarwa ɗakin hutawa na musamman a filin jirgi, sai abin ya ba su sha'awa. Na ga ya fi kyau in rubuta amsar sau ɗaya a nan, domin na yi shekaru ina bin hanyar Guangzhou da Dubai don kasuwanci, kuma tun da babban ɗana ya tafi karatu Istanbul tafiya da iyali ta zama mini abin kowace shekara.

Ra'ayina shi ne, mutumin Maraɗi bai kamata ya fara da tambayar wane kati ne ya fi yawan kyauta ba. Abin da ya kamata ya fara dubawa shi ne daga wane filin jirgi yake tashi, domin mu ba mu da jirgin da zai ɗauke mu daga ƙofar gida zuwa Jidda ko Sin a duk lokacin da muka so. Ƙofofinmu biyu ne. Ko dai mutum ya bi titin Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, fiye da kilomita 600, zuwa filin jirgin Diori Hamani a Yamai, ko kuma ya bi ta Ɗan Isa, ya ƙetare iyaka zuwa Jibiya da Katsina, ya sauka filin Malam Aminu Kano. Wanda ya taɓa yin waɗannan hanyoyi biyu da ƙananan yara da akwatuna goma ya san Kano ta fi kusa nesa ba kusa ba. Sai dai mun ga abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023: an rufe iyakarmu da Nijeriya, ba a sake buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024, kuma Air France ta dakatar da zuwa Yamai tun watan Agusta na 2023. Wanda ya zuba duk makinsa a katin Flying Blue na Air France ya wayi gari jirgin da ya dogara da shi ba ya sauka a ƙasarsa, wanda kuma ya saba da kamfanin da Kano kaɗai yake zuwa ya ga iyaka ta tsaya a tsakaninsu na watanni.

Wannan ne ya sa nake ganin sanin ƙawancen kamfanoni ya fi sanin sunan kamfani ɗaya amfani. Manyan ƙawance uku ne a duniya: Star Alliance da aka kafa a 1997, oneworld a 1999, sai SkyTeam a 2000. Idan kana da katin kamfani ɗaya a cikin ƙawance, za ka iya tara maki ko da ka hau jirgin wani kamfanin da ke cikinsa, kuma za ka iya kashe makin a can. Ethiopian Airlines, Turkish Airlines da EgyptAir duk suna cikin Star Alliance. Royal Air Maroc, wadda ta shiga oneworld a 2020, tana tare da Qatar Airways. Saudia tana SkyTeam tare da Air France da KLM. Da mutum ya ɗora wannan a kan taswirarmu zai ga cewa jirgin Habasha yana sauka Yamai kuma yana sauka Kano, na Turkiyya yana zuwa Yamai, na Masar yana zuwa Kano. Ke nan katin Star Alliance ɗaya yana aiki ko ta wace ƙofa ka fita, kuma ta Addis Ababa kana iya kaiwa Jidda, Dubai da Guangzhou. Ga iyali irin nawa wannan dalilin kaɗai ya isa. Ban ce haka yake ga kowa ba: wanda ƴaƴansa ke karatu a Maroko, ko wanda tafiyarsa ta Faransa ce ta Kasablanka, Safar Flyer na Royal Air Maroc ya fi dacewa da shi, wanda kuma Umara kaɗai yake yi daga Kano sai ya duba Alfursan na Saudia.

Abu na biyu, wanda mutane suka fi mantawa da shi, shi ne cewa maki na wanda ya hau jirgi ne, ba na wanda ya biya kuɗi ba. Alhaji zai cire kuɗin tikiti biyar daga aljihunsa, amma makin tikitinsa kaɗai zai shiga katinsa, sauran huɗun kuma su tafi a banza idan Hajiya da yara ba su da lambarsu. Ko da an buɗe wa kowa nasa, makin yakan watsu ƙanana ƙanana, babu wanda ya isa sayen ko da rabin tikiti, har lokacinsa ya ƙare. Saboda haka kafin ka zaɓi kati, ka tambaya ko yana da asusun iyali da ake haɗa makin kowa wuri ɗaya. Miles&Smiles na Turkish Airlines yana da irin wannan tsari, Privilege Club na Qatar Airways ma yana da shi, Flying Blue kuwa ya ƙayyade manya biyu da yara shida. A nan sai in yi ɗan tsokaci: waɗanda suka rubuta waɗannan ƙa'idoji ba gidajen Maraɗi suke hange ba. Mai mata biyu ko uku, ko wanda yake tafiya da mahaifiyarsa da ɗan ƙanensa da yake riƙo, ya zauna ya karanta wa da wa kamfanin ya yarda a kira iyali, da irin takardar da za a nema, tun kafin ya sa rai.

Sannan akwai maganar wa'adi. Makin Miles&Smiles, alal misali, yana ƙarewa bayan shekara uku. Iyalin da ke tafiya sau ɗaya a shekara suna da tafiya uku ke nan su tara su kashe, in ba haka ba na farko ya fara zubewa. Haka kuma ba kowane tikiti ne yake ba da cikakken maki ba. A cikin kujerun talakawa ma akwai aji aji da ake bambantawa da harafi, kuma mafi arha yakan ba da kaso kaɗan na nisan da aka yi, wani ma ba ya ba da komai. Jiragen haya na aikin Hajji galibi ba sa shiga wannan lissafi, don haka kada maniyyaci ya sa su a cikin ƙidayarsa.

Game da tikitin kyauta da kowa yake kwaɗayi, gaskiya ba kyauta ba ce tsantsa, domin haraji da kuɗin filin jirgi da wasu ƙarin caji suna nan a kanka, kuma sukan kai jaka masu yawa ga kowane mutum. Abin da ya fi wannan wuya shi ne samun kujeru biyar na maki a jirgi ɗaya, a lokacin hutun makaranta ko goman ƙarshe na azumi, lokacin da kowa yake son tafiya. Ni ban taɓa samu ba. Abin da nake yi shi ne in saya wa huɗu da kuɗi, in cire na mutum ɗaya da maki, ko kuma in ajiye makin don tikitin ɗana idan zai dawo hutu shi kaɗai, domin kujera ɗaya ba ta da wuyar samu.

A wurina amfanin da ya fi tikitin kyauta shi ne kilo. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban sikeli a Jidda ko Istanbul, Hajiya tana kwance akwati a bainar jama'a tana neman abin da za a bari tsakanin dabino, jallabiyoyi da tsarabar dangi, ya san darajar akwati ɗaya na ƙari. Wanda ya kai matakin zinariya a Star Alliance, wato matsayin da ake ba mai yawan tafiya, ana ƙara masa kilo 20, ko akwati ɗaya a inda ake ƙidaya da akwati, kuma kayansa na cikin waɗanda ake fara fitarwa. Amma wannan mataki na mutum ɗaya ne, ba a rabawa, kuma ɗakin hutawa baƙo ɗaya kawai ake yarda ya shiga da shi. Na taɓa shiga ni kaɗai a lokacin yada zango, na bar uwargida da yara a kan kujerun waje, kuma har yau ana tuna mini da wannan rana a gida. Darasin da na ɗauka shi ne, wanda ya fi kowa yawan tafiya a gidan shi ne zai nemi matakin, ya tara duk tafiyarsa ta kasuwanci a kati ɗaya, sauran kuwa a bar su a asusun iyali.

Akwai wata ƙaramar matsala da ta shafe mu musamman mu ƴan Nijar, wato rubutun suna. Fasfonmu yana ɗauke da suna da rubutun Faransanci, amma idan mutum ya zo buɗe kati a waya sai ya rubuta yadda ya saba, ko kuma wani yaro a Kano ya cike masa da rubutun can. Mahamadou ya zama Muhammad, Issoufou ya zama Yusuf, kwamfuta kuma ba ta san mutum ɗaya ba ne, sai ta ƙi saka makin. Haka ya faru da katin uwargida, tafiya biyu cur suka wuce kafin mu gane. Wani karon kuma mai sayar mana da tikiti ne ya manta bai shigar da lambobinmu ba. Abin da ya cece mu shi ne na ajiye takardun shiga jirgi, domin kamfanoni suna karɓar ƙorafin makin da bai shiga ba, amma a cikin ƴan watanni kawai bayan tafiya. Tun daga nan nake rubuta lambar kowa a takarda ɗaya cikin jakar fasfo, kuma ina dubawa da idona a kan tikiti kafin in bar ofishin.

Duk da wannan bayani, ba na ƙara kuɗi a kan tikiti don neman maki. Idan wani kamfani ya fi arha da jaka 60 a kowane tikiti, mu biyar jaka 300 ke nan, kuma makin da za mu samu a wancan jirgi mai tsada ba zai maido wannan kuɗi ba. Haka ma idan jirgin ƙawancena zai ajiye mu awa goma sha biyu a filin jirgi da yara, alhali wani zai kai mu a rabin wannan lokaci, na biyun nake hawa. A bana na riga na duba farashin Umara ta Kano da ta Yamai, bambancin bai taka kara ya karya ba, saboda haka ta Addis Ababa za mu bi, makin da ya taru kuma zai biya wa ɗana dawowarsa gida a hutun damina, in Allah ya kai mu.