Mai feshin fenti a katanga da kansa yake sa hannu a takardar tuhumarsa

Duk wanda ke bin lungunan Tudun Wada, Rigasa ko Kawo ya san farar katanga ba ta daɗewa a garin nan na Kaduna. Yau an yi wa makarantar firamare sabon fenti, jibi ka tarar an fesa mata sunan wata daba da ja, ko laƙabin wani yaro, ko lambar wayar mai haƙa rijiyar burtsatse. Samarin da ke wannan aiki gani suke dare ya rufa musu asiri. To su saurara, iyayensu ma su saurara: ɓarawo ƙoƙari yake ya share sawunsa, shi kuwa mai rubutun bango sawun ya fito bari, kuma so yake a gane nasa ne. Nan kamunsa yake.

A ƙasashen da suka daɗe suna fama da abin, ɗan sanda ba ya wahalar da kansa da gudun dare. Fayil yake buɗewa. Kafin a goge kowane rubutu sai an ɗauki hotonsa, an rubuta rana da wurin, an auna faɗinsa da tsawonsa, an lissafa kuɗin gyara. Laƙabi ɗaya, fayil ɗaya. 'Yan sandan jiragen ƙasa na Ingila da rundunar da birnin New York ya ware don masu ɓata dukiya duk haka suke yi, wasu garuruwan Kalifoniya kuma manhaja suke zuba hotunan a ciki, kowanne da alamar taswira. Idan ɗigo-ɗigon suka taru a taswirar, sai ka ga sun bi hanya guda: daga wata unguwa zuwa wata makaranta, ko gefen wata tasha. Yaro ba ya nisa da inda ƙafarsa ta saba.

Rubutun kansa ma yana magana. Inda ya tsaya daga ƙasa yana nuna tsawon mai shi. Yadda harafi ya karkata, inda aka fara jan layi, harafin da kullum ake juyawa ko kalmar da kullum ake kuskurewa, waɗannan ba sa canzawa ko an canza launi. Wanda ya kusanto da gwangwani jikin bango sosai fentinsa zai yi ta zuba kamar hawaye, kuma duk inda ya je haka zai yi. Ranar da aka kama shi a kan bango ɗaya, ba bango ɗaya zai amsa ba, fayil ɗin gaba ɗaya za a ɗora masa. A Kalifoniya ɓarnar da ta kai dala 400 tana iya tashi daga ƙaramin laifi ta koma babba, ka ga amfanin lissafin.

Amma kamannin rubutu kaɗai ba ya wadatar da alƙali, domin kowa na iya kwaikwayon laƙabin wani. Shi ya sa ake neman abin da zai haɗa mutum da bangon: littafin da yake gwada zane a ciki, gwangwanaye a ƙarƙashin gado, takalmi mai ɗigon fenti, sai uwa uba waya. A Landan, wani mai sa hannu da Tox ya ce wa kotu wasu ne ke kwaikwayonsa. Ba a yarda ba, aka ɗaure shi wata 27 a 2011.

A Kaduna ba sai an kai ga kwamfuta ba. Mai shayin bakin layi ya san yaron da ake kira da wannan laƙabi. Mai gadi ya ga su uku sun wuce bayan sallar isha'i da leda. 'Yan sintiri sun san dabar da sunanta ke bangon da waɗanda ke zama a cikinta, mai unguwa kuma ya san gidan kowa. Mai shagon kayan fenti yana tuna yaron da ya sayi gwangwani biyu alhali ba makanike ba ne, ba mai walda ba. Gidajen mai, bankuna da manyan shaguna a titin Ahmadu Bello da Ali Akilu da yawansu na da kyamarar tsaro. Sannan fentin feshi yana kama ɗan yatsan da ya danna kan gwangwanin, ya shige gefen farce, sabulu ba ya fitar da shi sai an sa kananzir ko tina (ruwan tsinka fenti), shi ma warinsa wata shaida ce. Duk wannan idan yaron bai riga ya ɗora bidiyon kansa a TikTok ko sitatus na WhatsApp ba ke nan, wanda galibi ya ɗora.

Ga doka. Tun a kundin dokokin laifuka (Penal Code) na tsohuwar Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, lalata dukiyar wani da gangan ko rage mata daraja laifi ne da ake kira ɓarna, hukuncinsa ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun. Jihar Kaduna ta yi nata sabon kundin a 2017, ɓarna kuma tana nan a matsayin laifi. Kada wani ya ce ai bangon bai faɗi ba. Tunda sai an kashe kuɗi kafin ya koma yadda yake, an yi asara. Kuma tuhumar ba ta zuwa ita kaɗai. Ya haura katanga, an ƙara kutse. Su uku ne, an ƙara haɗa baki. Ya zagi wani da suna, ga ɓata suna. Idan kuwa abin da ya rubuta ya taɓa addini ko ƙabila, a garin da ya ga rikice-rikicen 2000 da 2002, to maganar ta bar fenti ta koma tunzura jama'a, kuma babu Difi'on da zai ɗauke ta da wasa.

Iyaye, ga abin da ya kamata ku riƙe idan an tafi da yaro caji ofis. Kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, a cikin garin Kaduna kuwa akwai. Doka ta hana kama uba ko wa a madadin wanda ake nema. Kada yaro ya sa hannu a bayanin da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba, domin a nan ne bango ɗaya ke zama goma. Wanda bai kai 18 ba kuma ba a haɗa shi da manya. Idan katangar ta mutum ce, ku nemi mai ita tun da wuri, ku yi sulhu, ku gyara. Ta gwamnati ce ke da wuyar sha'ani, babu wanda za ka roƙa a zaure.

Wasu za su ce a yi irin na Singafo. Dokarsu ta 1966 ta tanadi ɗaurin har shekara 3 da bulala 3 zuwa 8. A 1994 sun yanke wa wani saurayi Ba'amurke bulala 6, Shugaba Clinton ya sa baki aka mayar 4. Ni ban ga riba ba a tura ɗan shekara 19 gidan gyaran hali ya kwana da 'yan fashi saboda gwangwanin fenti, ya fito ya fi da lalacewa, katangar kuma tana nan da rubutunta. Abin da ya yi wa New York aiki gogewa ce: suka ƙi barin taragon jirgin ƙasa mai rubutu ya fita aiki sai an wanke shi, har a 1989 suka ce jiragensu sun tsarkaka. Wanda ya san kafin gari ya waye za a shafe sunansa, kuɗin gwangwani zai fara yi masa ciwo. Dokar hukumar gyaran hali ta 2019 ta yi tanadin aiwatar da hukuncin yi wa al'umma hidima, majistarorinmu su yi amfani da ita: ya biya kuɗin fenti, ya shafa da hannunsa, da rana tsaka, a unguwarsu.

Sai dai fa a yi adalci. Kowane zaɓe fastoci da sunayen 'yan takara ke rufe ƙafafun gadoji da katangun makarantu, yaran nan kuma biyansu aka yi suka liƙa. In za a kama mai gwangwani, a aika wa mai hoton da lissafin gyara.

Gyaran kuwa ba wasa ba ne, shi ya sa na ce ya isa horo. A ƙofar ƙarfe, tsumma da tina sun wadatar in an yi da wuri. A filasta ko bulon da ba a yi wa fenti ba, feshin shigewa yake cikin ƙofofin siminti, in ka zuba masa fetur sai ya narke ya ƙara nutsewa, ya bar inuwa. Dole a kankare da buroshin waya, a bari ya bushe, a sa fentin share fage, sannan a bi da shafi biyu. Wanda ya yi gaggawa ya shafa farin fentin ruwa sau ɗaya a kan ja, da ya bushe zai ga sunan dabar yana leƙo shi daga ƙasa.