Shugaban Elmina ba da ƙuri'a yake hawa ba

Duk lokacin da shara ta toshe bakin tafkin Benya, ko kwata ta malalo cikin kasuwar kifi, sai ka ji mutanen Elmina, garin masunta a gaɓar tekun Ghana, har da na Zango, suna cewa: "Bari zaɓe ya zo mu sauke shugaban ƙaramar hukuma." To, ba su da wannan ikon.

A Ghana shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaban ƙaramar hukuma, wanda ake kira MCE, sannan kashi 2 cikin 3 na 'yan majalisar yankin da suka kaɗa ƙuri'a su amince da shi. Haka tsarin mulkin 1992 ya tanada. Majalisar ƙaramar hukumar KEEA (Komenda-Edina-Eguafo-Abirem), wadda Elmina ke hedikwatarta, ita ma ba duka talakawa ke zaɓa ba: kusan kashi 30 cikin 100 na kujerunta naɗi ne daga Accra. An so a taɓa tsarin da ƙuri'ar raba gardama a Disamba 2019, amma shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, ya soke ta saura kimanin makonni biyu.

Shi ya sa mai kujerar ya fi jin tsoron Accra fiye da mai kwale-kwale ko matar da ke banda kifi. Kuɗin ma daga can suke zuwa, kuma sau da yawa a makare. Tashar masunta da aka buɗe a 2023 aikin gwamnatin tsakiya ne.

Ɗan majalisar dokoki kuwa, da ake ɗora wa laifin kwata, yana zama a majalisar yankin amma ba shi da ƙuri'a.